Karanta wa Yara Littafin Tatsuniya Mai Hotuna: Tambayoyin da Iyaye Suka Fi Yi Mini

Na yi shekaru ina koyar da 'yan aji ɗaya da aji biyu a firamare. Yanzu da na ajiye alli, duk ranar Asabar yaran layinmu a unguwar Gwammaja ta Kano sukan taru a tsakar gidana mu shimfiɗa tabarma mu buɗe littafi. Iyayensu, galibi mata, idan sun zo ɗaukarsu sukan tsaya a bakin ƙofa su jefo mini tambaya, kuma tambayoyin ba sa wuce waɗannan. Na rubuta amsoshin yadda nake ba su da baki, sai dai na ɗan tsawaita inda tsayuwar bakin ƙofa ba ta bari.

Malama, mene ne littafin tatsuniya mai hotuna, kuma me ya raba shi da wanda ake ba su a makaranta?

Littafi ne da ya ɗauki tatsuniya guda, daga "ga ta nan" har zuwa ƙurunƙus, ya rarraba ta shafi-shafi, kowane shafi da babban zane da rubutu layi biyu ko uku. Rabin labarin a cikin zanen yake. Rubutu zai ce Gizo ya durƙusa ya gai da sarki, zane kuma ya nuna hannunsa ɗaya a bayansa riƙe da cinyar kaza. Yaron da bai san baƙi ko ɗaya ba zai riga ki ganin wannan hannun.

Na makaranta an yi shi ne don yaro ya koyi haɗa baƙi da wasali, shi ya sa kalmominsa a ƙirge suke, ga tambayoyi a ƙarshe, ga jan biro. Wannan kuwa babba ne yake karantawa, yaro yana saurare yana kallo, ba maganar ci ko faɗuwa.

Mu a bakin kakanninmu muka ji tatsuniya, ba littafi ba fitila. Me ya kawo littafi ciki?

Wannan tambayar ta fi kowacce yi mini daɗi, don gaskiya ce. Kakata ta wajen uba, can cikin gari a Yakasai, ba ta taɓa riƙe littafin boko ba, amma idan ta fara Ta-kitse har matan gidan sai sun bar wanke-wanke sun matso. Babu littafin da zai kamo ƙafarta. Gidajen ne suka canza. Da yawanmu mun bar babban gida mun koma Rijiyar Zaki ko Hotoro ko Ɗorayi, daga miji sai mata sai 'ya'ya, kaka kuwa sai ranar Juma'a ko da salla. Ki gwada yanzu ki ba da Daskin-da-riɗi tun daga farko ba tare da kin tsaya kina "to daga nan me ma ya faru?" ba. Yawancin iyayen da na gwada da wannan a tsakiya suke maƙalewa. Littafin zaren labarin yake riƙe miki, ke kuma ki sa masa baki.

Kuma rubuta tatsuniya ba yau aka fara ba. Tsakanin 1911 da 1913 wani Bature jami'in mulkin mallaka, Frank Edgar, ya fitar da manyan littattafai uku na tatsuniyoyi da labaran Hausa, waɗanda malamai suka rubuta masa da ajami aka mayar da su boko. Daga baya marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya na Jami'ar Bayero ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni domin 'yan makaranta, kuma da yawa daga cikin tsarana a nan muka fara ganin Gizo a takarda. Abin da mai hotuna ya ƙara shi ne yana ba yaro abin da zai nuna da yatsa, ya koma baya, ya ce "ga shi nan, na gaya miki!" Yana kuma sa shi ya saba cewa akwai daɗi a cikin takarda tun kafin makaranta ta haɗa masa takarda da bulala.

Daga shekara nawa zan fara?

Da zarar yaro ya iya zama a cinya ya bi yatsanki da ido. Ɗan shekara biyu ba labari zai bi ba, hoto zai kalla: "ga kura, ga akuya, ina wutsiyarta?" Minti uku ya ishe shi. Ɗan uku zuwa huɗu yana iya bin gajeriyar tatsuniya mai maimaici. Daga biyar zuwa bakwai nan ne kasuwar take ci sosai. Kuma kada ki daina don kawai ya fara karatu da kansa, domin abin da kunnen ɗan aji uku zai ɗauka ya fi abin da bakinsa zai iya karantawa nesa ba kusa ba.

Wace tatsuniya ce ta dace a fara da ita?

Ni da Gizo da hankaki nake farawa. Ana yunwa, hankaki suna zuwa wani ɓaure a tsakiyar kogi suna ci, Gizo ya lallaɓa har kowannensu ya ara masa gashin fiffike ya bi su. Da aka isa, duk ɓauren da hankaka ya kai wa baki sai Gizo ya yi tsalle ya ce nasa ne, shi ya riga gani. Da abin ya ishe su kowa ya zare gashinsa suka tashi suka bar shi a kan reshe, ruwa ta ko'ina. Dalilina uku ne. Akwai magana ɗaya da take ta dawowa, yara su kama ta su riƙa faɗa tare da ke. Akwai abin kallo, don ba yaron da ba ya dariya idan ya ga Gizo da fiffiken aro. Kuma abin da ya same shi, yaro yana ganin daga ina ya taso ba sai an yi masa wa'azi ba. A cikakkiyarta labarin yana ci gaba har Gizo ya faɗa gidan kada, amma ga ƙanana nakan tsaya a kan reshen, in bar sauran zuwa wani mako.

Ga 'yan shekara biyar zuwa sama akwai Ta-kitse da tatsuniyar ruwan Bagaja, wadda aka tura 'yar bora ta je ta yi wanki a wani kogi da ba wanda ya san inda yake. A nan akwai ruɗanin da ya sha faruwa: uwa ta je kasuwa ta ce a ba ta Ruwan Bagaja, a miƙo mata littafin Abubakar Imam na 1934. Wancan ƙagaggen labari ne na manya da 'yan sakandare, suna kawai suka haɗa da tatsuniyar. Ki buɗe ki duba kafin ki biya. Game da ƙarshen tatsuniyar kuma, duba amsar tambayar kutare da makafi a ƙasa.

To ga littafi a hannuna, ga yara. Yaya zan yi?

Da farko ki karanta shi ke kaɗai, ko sau ɗaya, don ki san inda waƙa take da inda abin tsoro yake. Sannan ki zauna ƙasa tare da su, littafin yana fuskantarsu, ke kina leƙe ta gefe. Kada ki buɗe tukuna. Ki nuna bango ki ce "wa kuke gani?" Idan suna da yawa nakan ɗumama su da kacici-kacici ɗaya ko biyu, kamar yadda ake yi a dandali: "Ƙulun-ƙulufit?" su amsa "Gauta!" Daga nan sai "Ga ta nan, ga ta nanku." Ba na ci gaba sai kowa ya amsa "Ta zo mu ji ta." Wannan amsar ita ce take mayar da yaro abokin zama, kuma ko littafin bai rubuta ta ba ki faɗa.

Kowane shafi, ki bar su su kalli zanen kafin ki fara magana. Ki ƙirga biyar a zuci idan hannunki yana ƙaiƙayin juyawa. Wata Asabar ina gaggawar kai su wajen da hankaki suke zare gashinsu, wata 'yar shekara huɗu ta danne shafin da tafin hannu ta ce, "Malama, tsaya, wannan ba shi da takalmi." Na duba, ashe mai zanen ya sa wa kowane hankaka silifa ban da guda ɗaya. Littafin ya shekara biyu a hannuna ban taɓa lura ba. Muka ɓata kusan minti biyar ana gardamar inda takalmin ya faɗi, wani ya ce a kogi, wani ya ce Gizo ne ya sace. Na fi ba na biyun gaskiya.

Kafin ki juya shafi, wani lokaci ki tambaya "me kuke jin zai faru?" Ba kowane shafi ba, kada abin ya koma tuhuma. Idan an gama ki rufe da "Ƙurunƙus kan kusu," ki ƙyale su. Wanda yake da magana zai yi.

Dole ne in karanta abin da aka rubuta kalma da kalma?

A'a, musamman ga ƙanana. Inda rubutu ya yi tsawo ki taƙaita, inda ya bushe ki jiƙa shi. Abubuwa biyu ne takarda ba ta iya ɗauka, kuma su ne ran tatsuniya. Na farko waƙa: littafi zai rubuta baitin ne kawai, karin yana bakinki. Idan kin manta karin da kika ji kina yarinya, ki kira Hajiya ko Goggo a waya ta rera miki, za ki sha mamakin yadda za ta tuna. Idan ba wanda ya tuna, ki sa naki, amma ki riƙe shi kada ya canza gobe, don yara za su kama ki.

Na biyu murya. Gizo tsamin baki gare shi: ruwa a bakinsa "yuwa" ne, sarki "shayki", kuma a kan ɓaure cewa yake "Nawa ne, ni na yiga gani!" Yawancin littattafai da daidaitacciyar Hausa suke rubuta maganarsa, ke ce za ki lanƙwasa ta. Kura da murya mai kauri da haɗama, Ƙoƙi a sanyaye kamar wadda ta gaji da halin miji. Iyaye maza sun fi jin nauyin wannan, wai girma zai zube. Ban taɓa ganin uban da girmansa ya zube don ya yi muryar kura ba. Sai dai idan yaro ya kai matakin bin rubutu da yatsa, to a nan ki karanta daidai yadda aka rubuta, don abin da yake ji ya yi daidai da abin da yake gani.

An ce ba a tatsuniya da rana. Ke kuma ga shi da hantsi kike tara su.

Haka ne, mu ma an ce mana wanda ya yi ta da rana zai ɓata a kasuwa, kuma a gidanmu idan ta kama dole sai a ƙulla bakin zane a ce an ɗaure Gizo. Hikimar a fili take: rana ta aike ce da talla da makaranta, ba a so yara su shantake. Ni Asabar da hantsi ne kawai nake samunsu duka, don haka mukan ɗaure Gizo mu ci gaba, kuma wannan ƙullin ya zama abin da suke rububin yi.

A gida kuwa bayan sallar isha'i ya fi, an ci tuwo, an gama aikin gida na boko da haddar Islamiyya. Minti goma sun isa. Idan an ɗauke wuta ba hujja ba ce, fitila mai caji ko tocilar waya ta wadatar, duhun ma yana ƙara wa labarin armashi, in dai ba na Dodo ba ne.

Kullum littafi ɗaya yake kawowa. Na gaji da shi har na haddace.

Ki yi haƙuri ki sake. Shi ma haddacewa yake yi, kuma a maimaicin ne kalmomin suke zama nasa. Ki fara yi masa dabara: ki karanta rabin jimla ki yi shiru ya ƙarasa, ko ki yi kuskure da gangan, ki ce hankaki sun tafi bishiyar mangwaro, ki ga yadda zai taso miki. Wata rana ki miƙa masa littafin ki ce yau shi zai ba ki. Zai riƙa juya shafi yana faɗa daga ka, wannan ma mataki ne na karatu.

Dodo ba zai hana shi barci ba?

Yana iya hanawa, kuma zane ya fi baki tsoratarwa. Dodon da kaka ta faɗa da baki, yaro yana ƙera shi ne daidai ƙarfin zuciyarsa. Wanda mai zane ya yi da jajayen idanu da haƙora cike da shafi kuwa ba ya raguwa. Shi ya sa na ce ki fara dubawa ke kaɗai. Ga wanda bai kai shekara biyar ba, ki ajiye na Dodo zuwa rana, ko ki wuce shafin da sauri, kuma kada ki taɓa tsayawa a tsakiyar tsoro ki ce sai gobe. Ki kai shi inda yarinyar ta kuɓuta. Abin da na fi roƙon iyaye shi ne kada a ɗauko Dodon littafi a mayar da shi sandar horo, "in ba ka yi shiru ba zan kira shi." Yaron da aka yi wa haka ba zai ƙara yarda a buɗe littafin ba.

Gizo maƙaryaci ne, mayaudari. Ba halin banza nake koya wa ɗana ba? Wasu ma sun ce tatsuniya ƙarya ce.

Ita tatsuniya ba ta taɓa ɓoye cewa ƙirƙira ce ba. A rufewarta ma mai bayarwa yakan ce ba don Gizo ba da ya yi ƙarya, wato kowa ya san wasa ake. Ba da darasi ta bakin dabbobi kuma tsohon abu ne a duniyar Musulmi: tun ƙarni na 8 Ibnul Muƙaffa ya mayar da Kalila wa Dimna zuwa Larabci, labaran zaki da dila da sa, kuma har yau ana karanta shi.

Game da halin Gizo, yara sun fi mu gane shi. Suna yi masa dariya, ba sa sha'awar zama shi. Matsalar da na gani ita ce ta tatsuniyoyin da yake yin ta'asa ya tsira, ya haye rufin ɗaki ya bar wani da duka. Ba na ɓoye irin waɗannan, amma nakan tambaya, "Da kai ne aka yi wa haka fa?" Amsar da ɗan shekara shida zai ba ki ta fi duk wani "darasin wannan labari" da ake liƙawa a shafin ƙarshe. Wannan shafin ma sau da yawa tsallake shi nake yi.

Hotunan fa? Maigidana yana da shakku a kan zanen abu mai rai.

Wannan magana ce ta malamai, kuma sun yi bayani mai faɗi a kanta, akwai masu tsanantawa akwai masu sassautawa a kan abin da aka yi don yara da koyarwa. Masu sassautawa sukan kafa hujja da hadisin da ya zo a Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana a gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ku tambayi malamin da kuka yarda da shi, ku bi abin da ya natsar da gidanku. Idan aka tsaya a kan a bari, ba a rasa komai na tatsuniyar ba: ki karanta littafin ke kaɗai ki riƙe labarin, ki ba su da baki kamar yadda na bayyana a amsar waƙa da murya.

A ƙarshen ruwan Bagaja 'yar mowa ta dawo da kutare da makafi a matsayin sakamakon rashin kunyarta. In karanta haka?

Yadda aka ba mu ita, 'yar bora ta yi ladabi ga duk abin da ta tarar a hanya, har da cinya da kare da suke zaune a wata bukka, aka ba ta ƙwai ta fasa, dawaki da dukiya suka fito. 'Yar mowa ta bi sawu da tsiwa, nata ƙwan ya fito da kutare da makafi da guragu. Muna yara mun yi dariya. Ranar da na karanta wannan shafin a aji, akwai yaron da kullum shi yake yi wa mahaifinsa jagora zuwa masallaci kafin ya zo makaranta. Bai ce komai ba, ya dai sunkuyar da kai yana wasa da igiyar jakarsa. Tun daga ranar na canza. A bakina ƙwan 'yar mowa ƙudaje da zuma da kunamu yake fitarwa, su bi ta da gudu har gida. Darasin ladabi yana nan, ba a mayar da lalurar kowa abin horo ba. Idan zanen ya nuna su ƙarara, to gara a nemi wani bugun.

Haka batun kishiya. A gidan da ake da ɗaki biyu, kada a karanta labarin bora da mowa ana kallon 'ya'yan wani ɗaki, kada kuma a bar yara su raba sunayen a tsakaninsu. Tatsuniya ta saba canzawa daga baki zuwa baki: wadda ake bayarwa a Kano ba ta zama daidai da gatanar Sakkwato ba, don haka gyara irin wannan ba cin amanar kakanni ba ne.

A ina zan samu irin waɗannan littattafan a Kano?

Sai an yi haƙuri, don na Hausa masu zane mai kyau sun yi ƙaranci idan aka kwatanta da na Turanci. Ki fara da masu sayar da littattafai na Kasuwar Sabon Gari da wajen Bata, ki ce na tatsuniya na yara kike nema, ki kuma tambayi na kamfanin NNPC na Zariya, wanda ya daɗe yana buga littattafan Hausa. Kasuwar Kurmi ta fi ƙarfi a littattafan addini, amma ba a rasa tsofaffin bugu jefi-jefi. Akwai kuma Laburaren Murtala Muhammed a kan titin Ahmadu Bello, ki je da yaran ki tambayi abin da suke da shi na ƙanana, ganin ɗaki cike da littattafai kaɗai wani abu ne a wajen yaro.

A intanet, African Storybook da StoryWeaver suna da labaran yara masu hotuna da Hausa, kyauta, ana iya saukewa a waya ko a buga a takarda. Ba duka ne tatsuniyoyinmu ba, da yawa fassara ce daga wasu ƙasashe, kuma Hausar wasu tana da ɗan tauri, don haka ki tace. Kafin ki kai a buga, karanta amsa ta gaba.

Wani littafin ba ya sa ƙugiya a ƙ da ɗ da ɓ. Da matsala?

Idan ke kike karantawa yaro yana saurare, bakinki zai gyara. Idan shi ya fara bin rubutu, matsala ce babba. Na taɓa kai wani labari wani shagon kwamfuta a buga mini, injinsu ya cinye ƙugiyoyin duka ban lura ba sai a gaban yara. Wani ɗan aji biyu ya karanta "Gizo ya yi karya," ya ɗago ya tambaye ni yaya aka yi Gizo ya zama macen kare. Haka baƙi yake komawa baki, ƙafa ta koma kafa. Ki duba shafin farko kafin a buga sauran, idan kuma littafin saye ne ki bi shi da biro ki sa ƙugiyoyin da hannu. Manyan yara suna son a ba su wannan aikin.

Wanda nake da shi na Turanci ne, tatsuniyar Turawa. In karanta da Turancin ko in fassara?

Ga yaron da Hausa ce harshen gidansu, ki ba shi da Hausa tukuna, kina bin hotunan. Idan ya san labarin ya ƙoshi, wata rana ki karanta Turancin, zai riƙa cafke kalmomi don ya riga ya san me ake ciki. Kada ki haɗa biyun jimla-jimla, labarin yana mutuwa a tsakani. Da yawa daga cikin waɗannan littattafan daga tarin da wasu 'yan'uwa biyu Jamusawa masu suna Grimm suka fara fitarwa a 1812 suke, su ma daga bakin mutane suka tattaro. Ɗaukar labarin wasu a sa masa riga da hula kuwa muna da babban misali a gida: a Magana Jari Ce, Abubakar Imam ya ɗebo daga labaran Larabawa da na Turawa ya mayar da su kamar a nan aka haife su. Ke ma kina iya mayar da kerkeci kura idan zanen bai ƙaryata ki ba. Idan ya ƙaryata ki, ki bar shi kerkecinsa, ki ce wani ɗan'uwan kare ne na ƙasashen sanyi. Yara kuma suna jin daɗin sanin cewa a Gana ma gizo-gizo ne gwanin wayo, Ananse, a wajen Yarbawa da Ibo kuwa kunkuru ne.

Ni ban yi boko ba, Malama. Ina da rabo a wannan?

Ƙwarai kuwa, wataƙila ma kin fi mai boko, don ke ba rubutu zai ɗaure ki ba. Ki sa yayansu ya karanta miki sau ɗaya, ko ki bi hotunan ki ba da yadda kika sani. Wata maƙwabciyata mai sayar da ƙosai haka take yi da jikokinta: babban yana karanta rubutun, ita tana yin waƙar da muryoyin, idan littafin ya kauce wa yadda ta sani sai ta ce "wannan mai littafin bai ji ta daidai ba," ta gyara masa.

A waya fa? Ai akwai masu motsi ma.

Hoton littafi a waya ya fi babu, in dai kina zaune tare da shi kina yin abin da na faɗa a amsar yadda ake zama. Katun mai motsi wani abu ne daban: shi yake yin murya, shi yake juya shafi, ba ya jiran yaro ya ce "tsaya." Ga kuma saƙo da kira da suke shigowa a tsakiyar labari. Idan a waya za ki karanta, ki kashe data tukuna.

Yarana shida, littafi ɗaya. Kwana uku zai yi su yayyaga shi.

Zai yage, ki sa wannan a ranki tun yanzu. Abin da zai ƙara masa kwana: ki naɗe bangon da leda mai kauri, ki bi tsakiyar da allura da zare tun yana sabo kafin ƙarfen ya saki, ki ajiye shi inda hannu zai kai amma ruwa da miya ba za su kai ba. Kada ki kulle shi a sif don tsoron lalacewa. Wajen zama, ƙaramin a cinya, matsakaita a gefe, babban ki ba shi muƙamin juya shafi, gobe a karɓa a ba wani. Idan kuna da maƙwabta masu irin wannan ra'ayi, kowace ta sayi daban ku riƙa musaya duk mako.

Nawa na Gizo da hankaki salatif ya fi takarda yawa a jikinsa yanzu, kuma shafin da Gizo yake roƙon gashin fiffike ya ɓace tun wata damina da aka bar shi a tsakar gida. Idan muka iso wurin sai in nuna musu gurbin in ce "to, a nan me ya ce musu?" Makon jiya wani ya ce alƙawari ya yi musu zai biya su bayan salla.